Amsoshin Wasiƙunku: Yaron Da Ake Aike Ya Dawo Da Wani Abu Dabam

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Kunya, cikin ƙaramar hukumar Minjibir. Ya ce yana da yaro ɗan shekara 9, kullum in ya aike shi sai ya dawo da wani abu dabam. Ran nan ya ba shi kuɗi ya sayo takin kamfa, sai ya sayo yuriya. Ya yi faɗa, ya yi duka, abin ya ƙi. Shi ne yake tambaya, taurin kai ne ko kuwa daƙiƙanci?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amma kafin ka yanke wa yaron nan hukunci, ajiye bulalar tukuna, mu bi abin daki-daki.

Da farko sai ka tabbata kunnen nasa lafiya lau yake. Yara da yawa da ake kira masu kunnen ƙashi, ba ƙin ji suke yi ba, ji ɗin ne ya ragu. Ciwon kunne mai zubar da ruwa ko mugunya, da ƙyanda, da sanƙarau, duk suna iya taɓa jin yaro. Manya ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma Kano na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. Cikin waɗanda suka tashi, akwai waɗanda ta bari da kurumta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a wurin yara abu ne da za a iya hana aukuwarsa.

Gwajin ba shi da wuya. Ka tsaya bayansa inda ba ya ganin bakinka, ka kira sunansa a hankali, ka gwada ta dama, ka gwada ta hagu. In sai ka ɗaga murya yake waiwayowa, ko kullum yana karkato kunne ɗaya, ko yana yawan cewa "na'am?", to a kai shi asibiti a duba. Kada a ɗura masa mai ko ruwan ganye, kada a sa tsinke ko gashin kaza. Iyaye mata kuma ku lura: jariri ɗan wata 6 ya kamata ya riƙa juyowa wajen da ƙara ta fito, ɗan shekara 2 kuwa ya fara haɗa kalma biyu. A kai yara allurar ƙyanda in sun cika wata 9. In ma an tarar jin ya tafi, ba ƙarshen yaro ke nan ba, ga makarantar Tudun Maliki nan cikin birnin Kano inda ake koyar da kurame.

To in an duba an ga kunne lafiya, sai mu juyo kanmu mu manya. Yaya muke ba da aiken? Sau da yawa uba yana ɗaura wa jaki mangala, ya ba yaro baya, ya jero masa abu biyar a numfashi ɗaya, sannan ya ce "maza!" Lokacin da nake koyon aikin malanta, abin da aka fara nuna mana shi ne, kan ƙaramin yaro ba ya riƙe saƙo mai yawa a tashi ɗaya. Saboda haka ka kira sunansa, ka bari ya dube ka, ka faɗi abu biyu ko uku kawai. In abin yana da kama da wani, kamar kamfa da yuriya, nuna masa tsohon buhun ko ka zuba masa ɗan kaɗan a tafin hannu ya gani.

Sannan kada ka tambaye shi "ka ji ko?" Kowane yaro "to" zai ce, don tsoro ko don ladabi. Ce masa, "Maimaita mini abin da na ce." Ai haka malamin allo yake yi, ya biya, almajiri ya biya, sai ya ji ya zauna daidai kafin ya sallame shi. Kuma ka ba shi izinin tambaya. Yaron da ya san in ya ce "Baba ban gane ba" zai sha mari, gara masa ya tafi ya yi ta kame-kame a kasuwa. Yau taki ne aka yi asara. Gobe in maganin feshi ne ko maganin da likita ya rubuta wa ƙanensa fa?

Bayan ji kuma akwai gane manufa, wanda shi ne babban aikin. Mu Hausawa ba kullum muke faɗin magana a fili ba. Mai kaya in ya ce "albarka", ba addu'a yake yi maka ba, cewa yake tayinka bai kai ba. Wanda ka je neman rance wurinsa ya ce "sai na yi shawara", galibi ya hana ka ne cikin mutunci. Baƙo ya ce ya ƙoshi, wataƙila kara ce kawai. Ba a haifi kowa da sanin wannan ba. Ka riƙa tafiya da shi kasuwa, ya zauna kusa da kai ana ciniki. A hanyar dawowa ka tambaye shi, "Me kake jin mutumin nan yake nufi?" In ya kuskure ka gyara masa ba tare da dariya ba.

Kada kuma a raina tatsuniya da kacici-kacici. Yaron da ya zauna gaban kakarsa yana bin dabarun Gizo daga farko har ƙarshe, sauraro yake koyo. In an gama, a ce gobe shi zai ba ƙannensa labarin. Haka rediyon nan da kuke ji da dare: in an gama labarai, a rage murya, a tambayi yara abin da aka ce. A gidajen da waya ta shiga hannun kowa, a keɓe ɗan lokaci bayan sallar isha'i a ajiye ta a yi hira.

Abu na ƙarshe, Malam, kai ma ka riƙa sauraronsa. In ya dawo daga makaranta ko daga kiwo yana ba ka labari, bar shi ya kai aya, kada ka katse shi. A wurinka zai ga yadda ake yi. Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ka gwada wannan har wata guda, sannan ka sake rubuto mana yadda ta kasance. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.