Dausayin Hadeja da Nguru: Gayya da Gudummawa Ne Za Su Cece Shi

A watan Janairun da ya gabata na shiga kwalekwale a kusa da Nguru tare da wasu ɗalibai huɗu da suka ba da kansu don ƙidayar tsuntsayen ruwa, aikin da ake yi duk shekara a wannan wata a ƙasashe da dama na duniya, kuma akasari 'yan sa kai ne ke yin sa. Ba mu yi nisa ba kachala ta tare mana hanya, ta fi tsayin mutum. Dattijon da ke tuƙa mu ya ajiye sandarsa ya ce da ni, "Malam, nan da kake gani a da ruwa ne fayau, a nan mahaifina ya koya mini jefa birgi." Tun daga ranar maganar ba ta bar zuciyata ba.

Wannan dausayi yana inda kogin Hadeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su zama kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Ya shafi jihohin Jigawa da Yobe da Bauchi. Manomin shinkafa da masunci da makiyayi duk a nan suke ci. Haka kuma ɗimbin fuka-fukai sun san hanyarsa: tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suna ƙetare Sahara su sauka a nan, su tarar da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe. Darajar wurin ce ta kawo Yarima Philip na Ingila Dagona a 1989, ta kuma sa aka shigar da tafkin Nguru da mashigin Marma cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000.

To me ya faru? A da, ruwa kan malala da damina ya janye da rani, bushewar nan kuwa ita ke hana kachala sakat. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tsarin ya sauya. Ambaliyar damina ta ragu, ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan har da rani, laka ta taru, kachala ta samu gindin zama. Ta toshe magudanai, sai ruwa ya kwanta a gonakin wasu, wasu kuma ya daina isa gare su. A cikinta jan-baki ke sheƙa, ya fito ya cinye shinkafa da gero. Fadama na ƙanƙancewa, manomi da makiyayi suna ƙara matsar juna. Gauraka, wadda iyayenmu suka saba gani, yau da wuya a yi ido biyu da ita.

Na san abin da wani zai ce: mutum na fama da abin da zai sa a tukunya, wa ke ta tsuntsu? Amsata ita ce, ruwan da tsuntsu ke nema shi ne ruwan da kifi ke hayayyafa a ciki, shi ne kuma mai shayar da shinkafa da shanu. Idan ƙidaya ta nuna tsuntsaye sun ragu, to gargaɗi ne ga tukunyar.

Babban aiki, wato daidaita sakin ruwa daga madatsu da yashe magudanai da manyan injuna, nauyin hukuma ne, kuma bai kamata mu gaji da tuna mata ba. Amma mutanen ƙauyukan ba su naɗe hannu ba. Suna fitowa gayya da lauje da adda, su shiga ruwa har ƙirji su sare kachala don buɗe hanya. Abin da ke karya musu gwiwa ƙanana ne: kayan aiki, kwalekwale, abincin masu gayya da magani. A nan ne mu mazauna birni muke da abin yi. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai za su iya ɗaukar nauyin gayya guda a shekara. Ɗaliban jami'a za su iya ba da mako guda na hutunsu don ƙidaya ko dashen itatuwa. Masananmu su dubi yadda ake mayar da wannan ciyawa gawayi a Senegal da Muritaniya, domin wanda ya sare ta ya samu abin sayarwa. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, waɗanda suka daɗe suna aiki a yankin.

Sai dai mai bayarwa ya buɗe ido. Ya tambayi wane magudani aka buɗe, nawa aka kashe, su wa suka amfana. Ya ba wanda ke tafiya da masu unguwanni da sarakunan ruwa, domin su suka san inda ruwa ke bi.

Malamai sun karantar da mu cewa shukar da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare ta sadaka ce ga mai ita. Da muka dawo gaɓa, dattijon nan ya ƙi karɓar kuɗin kwalekwale daga hannun ɗaliban, ya ce aikinsa suka zo yi. Shi da ba shi da komai ya ba da nasa. Saura mu.