Kafin ku biya kuɗin talla a sitidiyo: 44,100 ko 48,000?

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, lasifika ta karɓe aikin maƙogwaro. Mai atamfa da mai maganin gargajiya da mai turare, kowa na zuwa sitidiyo a ɗaukar masa talla, a sa masa a katin waya ko a kai gidan rediyo. Wasu iyaye ma suna haɗa jari su buɗe wa ɗansu sitidiyo. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan lambobin da masu aikin ke ambata, mai kaya kuwa ya gyaɗa kai kawai ya biya.

Kwamfuta ba ta ɗaukar murya a dunƙule. Gutsura take yi, sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, kamar mai awo da ƙaramin gwangwani. Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma ƙa'ida ita ce a gutsura fiye da ninki biyu na abin da ake son ji. Daga nan aka samo 44,100, awon faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982. Fim da talabijin kuwa da 48,000 suke aiki. Saboda haka, hajiya, in tallarki za ta hau bidiyo, ki ce a ɗauka da 48,000 tun farko. In aka ɗauka da 44,100 sannan na'ura ta karanta da 48,000 ba a juya ba, murya za ta sirance ta yi sauri, tallar minti ɗaya ta koma daƙiƙa 55.

Akwai masu ƙara kuɗi da sunan 96,000. A ganinmu, ga tallar da za ta fito ta lasifikar kasuwa ko ta WhatsApp, wanda ke matse sauti, ɓarnar kuɗi ce. Minti ɗaya irin na CD yana cin megabait kusan 10, na 96,000 mai bit 24 kuwa ya haura 34.

Ga mai sayen na'urar haɗa sauti ta zamani, amfaninta babba shi ne tana riƙe saiti. Abokin ciniki ya dawo bayan wata guda don canza farashi a tallarsa, a danna maɓalli muryarsa ta dawo yadda take. Behringer X32, wadda ta fito a 2012, ba ta wuce 48,000, amma ɗakunan taro da sitidiyo da dama a duniya da ita suke aiki. Yamaha 01V96 ta 2003 tana kai 96,000, sai dai yau ta hannu ake samu, a gwada kowace kafa kafin a biya.

Abin da ke kashe su a nan shi ne ƙurar hunturu, zafin bazara da ɗaukewar kuran. A ware kuɗin batirin kariya da mayafin rufewa cikin jari, a kuma tambayi mai sayarwa wa zai gyara in ta lalace, a nan gida ko sai an kai Kano.