Bununi: Siffar Ƙurar da Ke Sa Gero Ya Yi Ido

A watan Agusta, lokacin da gero ya fid da kai a gonakin Babura da Roni da Gwiwa, duk wanda ya ratsa gona da hantsi yakan fito da wata ƙura mai ruwan ɗorawa a kafaɗar rigarsa. Wannan ƙura ita ce bununi, wato ƙwayoyin namiji na fure, waɗanda idan ba su sauka a kan sashen mace ba zangarniya ba za ta yi ido ba.

Ana auna ƙwayar bununi da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, kuma yawancinsu suna tsakanin 10 da 100, don haka sai da madubin ƙara girma ake ganin siffarsu. Ta gero da dawa da masara kewayayya ce, sumul, busasshiya, da ƙofa guda ɗaya tak wadda bututun haihuwa ke fitowa ta cikinta, kuma wannan rashin nauyi da rashin danƙo shi ne ya sa iska ke ɗaukarta. A gero abin ya fi muhimmanci, domin sashen mace yana riga na namiji nuna a zangarniya ɗaya, saboda haka galibi bununin wani karan yake jira. Kuɓewa da rama da auduga da kabewa kuwa, ƙwayoyinsu manya ne masu ƙayoyi da maiƙo, suna maƙalewa a gashin jikin zuma, abin da ya isa ya sa manomi ya guji fesa maganin ƙwari da safe lokacin da furanni ke buɗe.

Ƙwayar tana da bango biyu, na ciki mai laushi da na waje mai tauri, wanda aka gina da sinadarin sifarofolenin, ɗaya daga cikin abubuwa mafiya juriya da tsiro ke yi. Rai da ke ciki ba ya jimawa, domin bununin masara yakan mutu cikin sa'o'i kaɗan idan rana ta yi zafi, amma ɓawon yakan shekara dubbai a cikin laka. Da irin wannan ɓawo ne masani Ulrich Salzmann ya karanta tarihin tsirrai daga ƙasan Tafkin Tilla da ke kusa da Biu, inda laka ta nuna cewa shekaru dubbai da suka wuce yankin ya fi na yau damshi da yawan itatuwa.