Tankar Ruwan Taki: Abin Da Manomin Turai Ke Dubawa Kafin Ya Saya

Wanda duk ya ratsa ƙauyukan Ingila, ko Ailan, ko Holan a cikin watan Fabrairu, hancinsa ne zai fara ba shi labarin aikin da manoma ke ciki tun kafin idonsa ya gani. Can sai ya tarar da tarakta tana jan wani ƙaton tanki mai tayoyi, kamar na dakon mai, ta tare hanya, motoci sun yi jerin gwano a bayanta. Abin da ke cikin tankin nan kashin shanu ne da fitsarinsu, haɗe da ruwan wanke ɗakin tatsa, sun kwaɓe sun zama kamar kunu mai ruwa-ruwa. A cikin wannan bayani za mu kira shi ruwan taki, abin jigilarsa kuwa tankar taki.

Darajar taki ba baƙon abu ba ce ga Bahaushe. Shekara da shekaru jakai na fita da takin birnin Kano a mangala zuwa gonakin kewaye, manomi kuma yakan roƙi Bafulatani ya sauke garkensa a gona bayan girbi. Amma takin da muka sani busasshe ne, domin shanunmu yawo suke yi, rana kuma tana shanye danshin. A arewacin Turai abin ya sha bamban. Daga wajen watan Oktoba ko Nuwamba har zuwa Maris ko Afrilu sanyi yakan tsayar da tohon ciyawa, ruwan sama kuma ya jiƙe ƙasa, saboda haka tilas a tsare shanu a ɗaki. Yawancin ɗakunan nan daɓen siminti gare su, wasu ma daɓen mai tsaga-tsaga ne, yadda kashi da fitsari za su riƙa zuba cikin wani babban rami a ƙarƙashin ƙafafun dabbobin.

Bari mu yi ɗan lissafi. Saniyar tatsa guda takan fitar da kashi da fitsari kamar lita 50 zuwa 60 a yini. Mai shanu 100 da ya tsare su kwana 150 zai tara kamar lita 800,000, in kuwa aka haɗa da ruwan wanki da na sama da ke faɗawa ciki, abin ya haura lita miliyan guda. Tanka matsakaiciya, mai cin galan 2,000 na Ingila, watau kamar lita 9,000, sai ta yi sawu fiye da ɗari kafin ta kwashe wannan. Kowace lita dubu kuwa tana ɗauke da kamar kilo biyu da rabi na naitarojin, da kilo ɗaya da ɗoriya na fosfet, da kuma fotash, watau dai abubuwan nan uku da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun takin zamani. A 1970 da 'yan kai manoma da yawa sun ɗauki ruwan taki a matsayin ƙazanta wadda ake neman inda za a zubar. A 2022, sa'ad da Rasha ta mamaye Yukren kuma farashin takin zamani ya ninka fiye da sau biyu a Birtaniya, waɗanda suke da cikakken rami sun gane cewa ajiya ce suke zaune a kanta.

Yadda tankar ke aiki abu ne mai sauƙi, mai ban sha'awa kuma. Famfon da ke gabanta ba ya taɓa takin ko kaɗan. Iska kawai yake zuƙa. Wata sandar ƙarfe da ke juyawa daga bayan tarakta, sau 540 ko sau 1,000 a minti guda, ita ke juya famfon. Idan ya zuƙe iskar da ke cikin tanki, sai nauyin iskar waje ya danno ruwan taki ya hau ta cikin mesa, kamar yadda yaro ke shan lemo da tsinke. Cikin 'yan mintoci tanki ya cika, sai wata ƙwallo da ke iyo a ciki ta taso ta toshe hanyar famfo, don kada takin ya shiga ya lalata shi. In an isa gona sai direba ya juya hannun famfon, maimakon zuƙa ya koma hura iska, takin ya fita ta baya da ƙarfi. Da yake nauyin iska ne ke yin aikin, akwai iyakar zurfin da tankar za ta iya jawowa. Ko ruwa tsantsa ba zai hau fiye da kamar mita goma ba ta wannan hanya, mai kauri kuwa bai kai ko kusa da haka ba. Shi ya sa ake dama ramin sosai kafin a fara ɗiba.

To, mai niyyar saye, me zai duba? Kamfanonin da ke ƙera su suna da yawa, irin su Abbey da Hi-Spec a Ailan, da Joskin a Beljiyam, da Samson a Danmak, kuma kowanne zai so ya sayar maka da babba, tun da babba tana rage yawan sawu. A ganina nan ne manoma suka fi ruɗuwa. Lita guda ta ruwan taki kamar kilo guda ce, watau tanka mai lita 9,000 tana ɗauke da tan tara, ban da nauyin ƙarfenta da ya kai tan uku ko fiye. Idan taraktar ƙarama ce, a kan gangara tankar ce za ta riƙa tura ta, musamman in ba ta cika ba, ruwan yana kai da komowa a ciki. Saboda haka ne ake sa wa tankoki shingayen ƙarfe daga ciki, ake kuma dagewa a kan birki mai kyau. Sa'an nan ga maganar ƙasa. Nauyi irin wannan a kan jiƙaƙƙiyar gona yakan danƙare ta, ruwa ya kasa shiga, saiwa ta kasa ratsawa, a shekara ana ganin sawun tayoyi a jikin ciyawa. Faffaɗar taya wadda ba a cika mata iska da yawa ba tana rarraba nauyin, kuma kuɗin da aka ƙara dominta ba hasara ba ne. Ƙofar gona da faɗin hanyar ƙauye su ma abin awo ne kafin a biya, domin tankar da ba ta iya juyawa a harabar gida ba ta da amfani komai girmanta.

Wanda zai sayi ta hannu kuwa, a gwanjo ko wajen dillali, tsatsa ce abokiyar gabarsa. Ruwan taki yana cin ƙarfe daga ciki, inda ido ba ya gani, shi ya sa aka fi son tankin da aka yi wa wankan tutiya a kan wanda aka shafa wa fenti kawai. Tankin da jikinsa ya yi sirara yana iya lotsawa ciki gaba ɗaya sa'ad da famfo ya zuƙe iska, kamar gwangwanin da aka taka. Sai a buɗe ƙofar baya a haska fitila, a ƙwanƙwasa gindin tanki da wuraren walda, a tayar da famfo a ga ko allurar ma'auni tana hawa da sauri, tana kuma tsayawa ba ta zamewa. Fukafukan cikin famfo suna cinyewa, amma wannan gyara ne mai araha. Tanki mai huji kuwa ya gama yawo.

Duk da haka, abin da ya fi girman tanki muhimmanci shi ne abin da ke maƙale a bayansa. Tsohuwar hanya ita ce faranti: takin ya fito da ƙarfi ya bugi wani farantin ƙarfe, ya watsu sama kamar wutsiyar ɗawisu, ya sauka a faɗin mitoci da dama. Yana da araha, ba ya toshewa, amma yana ɓarnar dukiya. Kusan rabin naitarojin da ke cikin ruwan takin shanu yana cikin siffar da ke saurin zama iskar amoniya, kuma da zarar an shimfiɗa shi a sarari, babban rabo na wannan yakan tashi sama cikin yinin farko, balle in ana rana da iska. Warin nan da matafiyi ke ji, har da kuɗin manomi ke tashi a cikinsa. Amoniyar kuma ba ɓacewa take yi ba: tana haɗuwa da hayaƙin motoci da masana'antu ta zama ƙura mai cutar da huhu, ko ta sauko a dazuzzuka da fadamu ta canza irin tsiron da ke wurin. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na amoniyar da Birtaniya ke fitarwa daga aikin gona take.

Saboda haka aka ƙirƙiro wasu hanyoyi. Akwai mai jerin ƙananan tiyo da ke jan ƙasa, suna ajiye takin layi-layi. Akwai mai "takalmi", wani ɗan ƙarfe da ke buɗa ciyawa ya ajiye takin a gindinta, ba tare da ya ɓata ganyen da shanu za su ci ba. Akwai kuma mai faifan ƙarfe da ke tsaga ƙasa ya zuba takin a ciki. Ta farko tana rage asarar amoniya da kamar kashi 30 cikin ɗari, ta biyu tana iya kaiwa 60, ta uku kuwa kamar 70. Amma kowacce tana da nauyi da tsada, tana bukatar injin markaɗe da zai daddatse ciyawa da tarkace don kada tiyo ya toshe, mai tsaga ƙasa kuma tana bukatar tarakta mai ƙarfi, ba ta kuma son gona mai duwatsu. Holan ta tilasta irin waɗannan hanyoyi tun farkon shekarun 1990, Danmak ta hana watsawa da faranti a farkon shekarun 2000, Jamus ta hana shi a gonakin da shuka ke tsaye daga 2020, a filayen ciyawa kuma daga 2025. Wanda zai sayi sabuwar tanka yau a Turai, ko da bai da kuɗin waɗannan na'urori, wajibi ne ya tabbata an ƙera ta da maƙalai da ƙarfin da za ta ɗauke su nan gaba. Masu manyan gonakin madara a ƙasashe masu zafi, inda ake tsare dubban shanu wuri guda, su ma wannan ya shafe su, domin zafi ƙara saurin tashin amoniya yake yi.

Sai maganar lokaci, wadda babu injin da zai maye gurbinta. Takin da aka zuba a watan Maris, ciyawa na farkawa, kamar sulusin naitarojinsa yakan shiga amfanin wannan shekara. Wanda aka zuba a ƙasa mai yashi a watan Oktoba kuwa, ruwan hunturu ne zai wanke yawancinsa zuwa rijiyoyi da koguna. Ɗanyen ruwan taki in ya malala cikin rafi yakan shanye iskar da kifi ke shaƙa fiye da yadda ƙazantar gari ke yi, ninki talatin ko fiye. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta ƙayyade kilo 170 na naitarojin daga takin dabbobi a kowace hekta a shekara, a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari. A irin waɗannan yankuna a Ingila, an hana zuba ruwan taki a filin ciyawa daga 15 ga Oktoba zuwa 31 ga Janairu in ƙasar ba mai yashi ba ce, an hana kusantar rafi da mita 10, rijiya ko idon ruwa da mita 50, kuma tilas mai shanu ya mallaki wurin ajiya na wata biyar. Ga dalilin cunkoson tankoki a hanya a watan Fabrairu ke nan. Manomin da raminsa ƙarami ne, cikar rami ce ke zaɓa masa ranar aiki, ba bukatar shuka ba, don haka sau da yawa kuɗin sabuwar tanka gara a faɗaɗa rami da su, a kira ɗan kwangila ya yi zubin. 'Yan kwangila da yawa ma ba sa shiga gona da tanki: doguwar mesa suke shimfiɗawa daga rami, famfo na turowa, tarakta na jan bakin mesar tana zagayawa.

Akwai haɗari biyu da ke cin rayuka. Na farko sandar nan mai juyawa, wadda in ba ta da murfi takan kama riga ta naɗe mutum kafin ya ƙifta ido, kuma mai tanka kullum kusa da ita yake tsayawa wajen juya famfo. Na biyu iskar haidirojin salfaid, wadda ke taruwa a cikin rami ta fito gaba ɗaya sa'ad da aka fara damawa. In kaɗan ce tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa kuwa sai ta kashe jin wari, mutum ya zaci ta wuce. Ta fi iska nauyi, saboda haka ƙasa-ƙasa take kwanciya. A watan Satumba na 2012, kusa da garin Hillsborough a Ailan ta Arewa, ta kashe wani manomi da 'ya'yansa maza biyu a rami guda, ɗayansu shi ne Nevin Spence, ɗan wasan ragbi na ƙungiyar Ulster. Kare ne ya fara faɗawa, kowannensu kuma ya shiga ne don ceton na gabansa. Shawarar hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta can ita ce a zaɓi ranar da iska ke kaɗawa, a fitar da dabbobi duka, a buɗe ƙofofi, a tayar da injin damawa, sa'an nan kowa ya fice daga ɗakin har tsawon minti 30 aƙalla. Cikin tankar kanta ma ba a shiga don gyara ko wanki, ko da an ga babu komai a ciki, sai da na'urar numfashi da mutum a waje riƙe da igiya.