Sanƙo tun da ƙuruciya: mafarinsa da maganinsa



A rangadin da na yi bayan girbi, na ya da zango a wani ƙauye na jahar Maraɗi domin duba ajin yaƙi da jahilci. Da aka tashi daga karatu, sai wani saurayi ya biyo ni gindin bedi. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya ga ba kowa, sa'an nan ya cire hularsa. Shekararsa 25, amma suma ta riga ta janye daga gefe biyu na goshinsa, tsakiyar kai kuma ta fara haske.

Ya ce: «Malam, ka ga halin da nake ciki. Ana maganar aurena, ga kai yana tafiya. Abokaina har sun fara ce mini tsoho.» Sai ya fiddo salularsa, ya nuna mini tallar wani mai da aka ce yana mayar da suma cikin kwana 14. Ya yi niyyar sayar da akuyarsa ya aika a sayo masa.

Ban ce masa kome ba, sai na cire tawa hular. Ya duba, muka yi dariya tare. Ni ma ban cika shekara 30 ba nawa ya soma. Na san wannan damuwa. Ba ta kwantar da mutum, amma tana hana saurayi sakewa cikin tsararsa. Abin da na gaya masa shi ne zan faɗa a nan, tare da ƙarin bayani.

Yadda suma take tafiya

Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen dubu 100. Kowane sili yana da nasa rami a cikin fata, kamar yadda kowace shuka take da nata a gona. A ƙasan ramin akwai saiwa, ita ce mai rai. Sili yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, sai ya huta kamar wata 3, ya faɗi, sabo ya fito daga ramin nan. Saboda haka kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kuma wannan ba sanƙo ba ne.

Sanƙo na gado hanyarsa dabam ce. Tun daga balaga, jikin namiji yana yin wani sinadari da likitoci suke kira testosteron. Shi ne yake fito da gemu, ya buɗe murya. Wani kashi nasa yana juyewa ya zama wani sinadarin da ya fi shi ƙarfi, ana ce da shi DHT. A kan wanda ya gaji sanƙo, saiwoyin goshi da na tsakiyar kai ba su jure wa DHT. Duk lokacin da sili ya faɗi, wanda ya maye gurbinsa ya fi shi siranta, ya fi shi gajarta. Manomi ya san irin wannan. Gonar da ta gaji ba ta daina ba da hatsi rana ɗaya. Zangarniya ce take ƙanƙancewa damana bayan damana. Haka suma take yi, har ta koma kamar gashin jariri, daga baya ramin ya daina fitar da kome. Saiwoyin ƙeya da na bayan kunne kuwa ba ruwansu da DHT. Shi ya sa za ka ga tsoho mai tal-tal ɗin kai, amma ƙeyarsa cike da suma.

Wani masani ɗan Amurka mai suna James Hamilton ne ya tabbatar da haka a shekarar 1942. Ya binciki mazan da aka dandaƙe tun kafin su balaga, ya ga ba su yin sanƙo. Da aka ba su testosteron, waɗanda akwai sanƙo a danginsu sai suka fara yi. Ke nan sai abu biyu sun haɗu: gado da sinadarin mazantaka. Gadon yana iya zuwa ta wajen uba ko ta wajen uwa. In kana son sanin inda ka dosa, ka dubi kan mahaifinka, ka dubi na kawunnanka.

A nan ya kamata mu sauke wa hula laifin da ba nata ba. Hula da rawani ba su kawo sanƙo, saiwa daga jini take samun abincinta, ba daga iska ba. Yawan karatu da yawan tunani ba su kawo shi. Aski ba ya ƙara wa suma kauri, aska ba ta kai wa ga saiwa. Kuma sanƙo bai nuna ƙarfin namiji ko rauninsa ba: mai sanƙo da mai suma, sinadarin da ke cikin jininsu kusan ɗaya ne, saiwoyin ne suka bambanta. Masu cewa sanƙo alamar arziki ne kuwa, ni dai har yanzu ina jiran nawa.

Ba duk zubar gashi ne sanƙo ba

Kafin ka sayi kome, ka fara sanin abin da ke kanka, domin wasu cututtuka suna kama da sanƙo, kuma suna da magani mai sauƙi.

Sanƙon gado yana tafiya sannu a hankali, shekara da shekaru. Ba ƙaiƙayi, ba ƙuraje, ba zafi. In ka ga fili zagayayye mai ɓawo fari-fari, yana ƙaiƙayi, gashi yana karyewa, wataƙila makero ne. Ya fi kama yara, kuma ana ɗaukarsa ta aska da mataji da hula. Shafawa kaɗai ba ta kashe na kai, sai an sha ƙwaya makonni da dama. In fili ne sumul kamar an ɗora tsabar kuɗi, ya bayyana cikin ƴan kwanaki, wani lokaci har a gemu, wannan wata cuta ce dabam, sau da yawa gashin yakan dawo da kansa. In kuwa suma ta zuba ko'ina lokaci guda, ka tuna baya: ko ka yi masassara mai tsanani wata 2 ko 3 da suka wuce? Doguwar jinya, yunwa da ƙarancin jini suna yin haka, kuma idan jiki ya murmure suma tana komowa. Tunjere ma yakan tsinke suma nan da can kamar asu ya ci tufa; wannan sai an auna jini, kuma barinsa haɗari ne.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya tafi gidan likita a duba shi.

Magunguna biyu da aka tabbatar

Ga sanƙon gado, magunguna biyu ne aka daɗe ana gwadawa aka ga amfaninsu. Abin mamaki, duka biyun ba domin suma aka fara yin su ba.

Na farko sunansa minoxidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce. Likitoci suka lura masu shan ta gashi yana fito musu a jiki, sai aka mai da ita ruwan shafawa. A 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi domin sanƙo. Ana ɗiga mililita 1 a busasshiyar fatar kai, safe da dare, a wanke hannu, a bari ya bushe kafin a kwanta. A makonnin farko gashi yakan ƙara zuba, kada wannan ya firgita ka. Sai an yi wata 4 zuwa 6 kafin a san ko ya karɓe ka, domin ba kowa yake yi wa aiki ba. Ya fi taimakon tsakiyar kai, kuma ya fi taimakon wanda sanƙonsa bai daɗe ba. Yakan sa ƙaiƙayi. Ba a shafa shi a kan rauni ko yankan aska. Mai ciwon zuciya kada ya fara sai ya tambayi likita. Wanda ya ji zuciyarsa tana bugawa da sauri, ko jiri, ko ƙafa ta kumbura, ya dakata. A ajiye kwalbar nesa da wuta, nesa da yara, domin in yaro ya sha yana iya galabaita.

Na biyu ƙwaya ce, finasteride. An fara ba da ita a 1992 ga dattawan da wata tsoka ta ƙarƙashin mafitsara ta kumbura musu har fitsari yake wuya. A 1997 aka yarda da ƙarama, mai miligiram 1, domin sanƙo. Aikinta rage DHT, wato tana zuwa gindin matsalar. A gwajin da aka yi na shekara 2, wajen mutum 8 cikin 10 zubar gashinsu ta tsaya, wajen 2 cikin 3 kuma sun ga ƙari, ko da kaɗan ne.

Amma wannan ƙwaya tana da nata nauyi, kuma saurayi mai shirin aure ya kamata ya ji shi da kyau. Maza 2 zuwa 4 cikin 100 suna samun raguwar sha'awa ko raunin gaba. Ga mafi yawansu abin yana wucewa in sun daina sha, amma akwai waɗanda suka ce nasu ya daɗe. Wasu kuma tana jefa su cikin baƙin ciki mai tsanani. A 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar cewa tunanin kashe kai yana cikin illolinta, ta ce wanda ya ji halinsa ya sake ya daina sha, ya ga likita. Mace mai ciki ba ta shan ta, ba ta ma taɓa wadda ta fashe, domin tana iya lahanta al'aurar ɗa namiji da ke ciki. Mai neman haihuwa ya gaya wa likita tun da fari. Wannan ba ƙwayar da za a saya a faifan mai talla ranar kasuwa ba ce. Sai da takardar likita, sai a kantin magani na hukuma ko mai izini.

Ga abin da masu talla ba su faɗa. Waɗannan magunguna ba su warkar da sanƙo, riƙe shi suke yi. Kamar noman rani ne: ranar da ka daina ban ruwa, ranar lambu ya fara bushewa. Wanda ya bar minoxidil, cikin wata 3 zuwa 4 abin da ya samu yakan zube. Wanda ya bar finasteride, cikin shekara guda yakan koma inda zai kasance da bai taɓa sha ba. Kuma ba su ta da saiwar da ta mutu. Inda akwai sauran siririn gashi, akwai fata. Inda kai ya yi shekaru yana ƙyalli, kuɗinka kawai za ka zuba.

Akwai kuma dashe. Likita yana ciro saiwoyi daga ƙeya, ya dasa su a goshi ɗaya bayan ɗaya, kamar dashen albasa. Wani likita na birnin New York, Norman Orentreich, shi ya nuna a 1959 cewa saiwar ƙeya tana riƙe halinta ko an kai ta gaba. Yanzu ƙasar Turkiyya ta yi suna a wannan aiki. Kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Ba ya ƙara yawan saiwa, wuri yake sake mata, kuma sauran gashin yana ci gaba da zuba in ba a shan magani. Mu baƙar fata muna da ƙarin abin lura: fatar wasunmu tana yin tabo mai kumbura, mai tauri, ko da a ƙaramin yanka.

To, mayukan kasuwa fa? Man kaɗanya da man shanu suna tausasa fata, suna rage karyewar gashi, ba laifi a shafa. Amma ba su taɓa DHT. Goga tafarnuwa ko toka ko wani abu mai zafi yana ƙona fata, kuma inda tabo ya zauna gashi ba ya sake fita. Tsaga da ƙaho ma ba su da abin yi a nan. Duk man da aka ce yana cika kai cikin mako 2 ƙarya ne, domin gashi wajen santimita 1 kawai yake ƙaruwa a wata. Hoton da ake nunawa a salula na kafin da bayan, kowa yana iya haɗa shi.

Wanda ya zaɓi ya bar kansa haka nan bai yi sakaci da lafiyarsa ba, domin sanƙon gado ba ya rage ƙarfi, ba ya hana haihuwa. A ƙasarmu ma an yi sa'a, aski tal al'ada ce ta maza, hula kuma ado ce. Abu biyu dai za a kula da su. Kan da ba suma rana tana ƙona shi, saboda haka a sa malfa in za a gona. Wurin wanzami kuma a je da sabuwar reza, ko a tabbatar an dafa askar, domin ciwon hanta da sida suna bin jini. Abokai su ma su rage tsiya; wanda ake yi wa yana dariya a fili, amma ba a san da me yake kwana ba. In damuwar ta kai ga hana barci ko guje wa mutane, a faɗa wa wani babba ko ma'aikacin lafiya.

Da na gama, sai na ce wa saurayin nan ya ɗauko allonsa mu yi lissafi. Mililita 1 sau 2 a rana, kwana 30, ya kama 60, wato kwalba guda a wata. Kwalba 12 a shekara. Daga shekara 25 zuwa 40, kwalba 180. Na ce ya tambayi kuɗin kwalba ɗaya a kantin magani in ya shiga Maraɗi, ya ninka, ya ga tiya nawa ta hatsi ke nan. In aljihunsa zai ɗauka ba tare da an taɓa rumbu ba, to yanzu ne lokacin farawa, tun akwai sauran siririn gashi, bayan likita ya duba shi.

Ya daɗe yana kallon allon. Sa'an nan ya mayar da hularsa, ya ce ranar kasuwa zai biya ta gidan likita a duba kan tukuna. Akuyar kuwa ciki gare ta, ya ce zai bari ta haihu.