Siffar Ƙananan Bututu da Ƙarfin Batirin Rana Mai Rini

A shekarar 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel suka ba da labarin wani sabon batiri da ke mai da hasken rana lantarki, wanda rini ne ke kama masa hasken. Ya mai da wajen kashi 7 cikin 100 na ƙarfin hasken da ya sauka a kansa. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bayyana abin da ya sa masana suka gwada gina shi da bututu, da yadda siffar bututun ke ƙara masa ƙarfi ko rage shi.

1. Yadda batirin ke aiki

Ana shafa wa gilashi wani farin gari da a ke samu in ƙarfen titaniyam ya haɗu da oksijin. Ƙwayar garin ba ta wuce nanomita 20 ba, watau kashi 20 cikin miliyan na milimita ɗaya. Sa'an nan a tsoma shi cikin rini, rinin ya kama jikin kowace ƙwaya kamar yadda shuni ke kama zare. In haske ya bugi rinin, sai ya saki ilektiron, watau ƙwayar lantarki, ta shiga garin, ta bi shi har gilashi, ta fita ta waya. Wani ruwa mai aidin da ke cike tsakanin ƙwayoyin shi ke mayar wa rinin abin da ya rasa.

Amfanin gari shi ne yawan fili, gama ƙwayoyin na riɓanya wurin da rini zai zauna har wajen sau 1,000. Aibinsa kuwa hanya ce. Ilektiron na ta kewaye daga ƙwaya zuwa ƙwaya kamar baƙo a lungunan birni, in kuwa ta daɗe sai ruwan aidin ya fizge ta, aikin ya tashi a banza.

2. Dalilin bututu

In an sa titaniyam cikin ruwa mai sinadarin fulorayid aka sakar masa lantarki, sai bututu su tsiro a fuskarsa a jere, tsaye, kamar saƙar zuma. Kowane bututu miƙaƙƙiyar hanya ce. A 2007 Arthur Frank da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa ilektiron ba ta fi sauri a bututu ba, amma fizgewar da ruwan ke yi mata ta ragu ƙwarai. Ke nan ribar bututu daɗewar rai ce, ba gudu ba.

3. Siffofi huɗu

Na farko tsawo. Dogon bututu ya fi ɗaukar rini. A 2006 ƙungiyar Craig Grimes ta sami kashi 2.9 da bututu masu tsawon nanomita 360 kaɗai, a 2009 kuwa, da masu tsawon da ya ninka haka sau da yawa, ta kai kashi 6.9. Amma fa tsawon in ya yi yawa, hanyar ilektiron ta ƙaru, bututun kuma su riƙa tsagewa suna ɓamɓarewa.

Na biyu faɗin baki, wanda ƙarfin lantarkin da aka yi ginin da shi ke ƙayyadewa. Sirara sun fi yawa a fili guda, saboda haka sun fi ɗaukar rini, sai dai ruwan aidin na wahalar ratsa su. Masu faɗi na barin ruwa ya wuce, amma tsakiyarsu fanko ce.

Na uku kaurin bango. In ya yi kauri ya cinye wurin rini, in ya yi sirantaka ainun bakin bututun ya zube kamar ciyawa ya toshe ƙofa.

Na huɗu laushin jiki. A 2008 ƙungiyar Patrik Schmuki a Jamus ta riƙa ɗaga lantarkin tana saukewa lokacin gini, bututun suka fito da gaɓoɓi kamar gora. Gaɓoɓin suka ƙara wurin zaman rini, ƙarfin batirin ya fi na bututu masu sumul.

4. Kammalawa

Duk da haka gari bai ba da gari ba. A 2014 ɗakin binciken Grätzel a Lozan ya kai kashi 13 da gari, abin da bututu zalla ba su kai ba. Dalili kuwa a fili ya ke: bututu na sayen kyan hanya ne da asarar fili, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Don haka masu bincike da yawa suka koma cusa ƙwayoyin gari a cikin bututun, garin ya riƙe rini, bututun ya kai ilektiron gida.