Dokar ƙafa 32: Yadda ake ƙera jiragen kamun kifin salmon a Alaska

A kowace shekara, daga tsakiyar watan Yuni zuwa ƙarshen Yuli, ƙananan jiragen ruwa fiye da 1,000 kan yi dafifi a mashigin tekun Bristol da ke kudu maso yammacin jihar Alaska ta ƙasar Amurka, domin kamun jan kifin salmon. Babu inda ake kama wannan nau'in kifi da yawa a duniya kamar a nan.

Baƙon da ya fara ganin jiragen zai iya zaton an datse musu hanci ne. Gajeru ne, ga faɗi, ga tsayi sama, wasu ma sun fi kama da akwati a kan jirgin ruwa. Dalili shi ne wata doka da ta haura shekara 70, wadda ta hana duk jirgin da ya wuce ƙafa 32, wato mita 10 ba kaɗan, jefa raga a wannan yanki.

Dokar tsawo kawai ta ƙayyade. Ba ta ce komai ba a kan faɗi, ko zurfi, ko ƙarfin inji, kuma ta wannan kafa ce maƙera da masunta suka yi ta kutsawa.

Daga iska zuwa inji

An fara saka kifin yankin a gwangwani a shekarar 1884, a bakin kogin Nushagak. Tun daga lokacin har tsakiyar ƙarni na 20, da jiragen katako masu tsini gaba da baya ake su, waɗanda iska ke turawa. Mutum biyu ne a kowane jirgi. Da hannu suke jawo raga, a cikin jirgin suke dafa abinci, su kwana a ƙarƙashin ɗan tanti a gabansa.

Kamfanonin gwangwani ne suka mallaki akasarin jiragen, kuma tun farkon shekarun 1920 hukumomin tarayya suka haramta su da jirgi mai inji a mashigin. Hujjar da aka bayar ita ce kare kifin daga ƙarewa. Sai dai masana tarihin yankin da dama na ganin haramcin ya fi yi wa kamfanonin rana, domin masuncin da ba shi da inji ba ya iya kai kifinsa wajen wani mai saye da ke nesa. Masunta da yawa sun nitse a wannan zamani, musamman idan guguwa ta rutsa da su a kan rairayi.

A shekarar 1951 aka ɗage haramcin, amma da sharaɗin kada jirgi ya wuce ƙafa 32. Da Alaska ta zama jiha a 1959 sai ta gaji dokar, ta ci gaba da aiki da ita.

Ruwan da ke tsara jirgi

Kafin a fahimci siffar jirgin, sai an san halin kifin da na ruwan. Jan salmon a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi. Yakan yi shekara ɗaya ko biyu a tafkuna irin su Iliamna, ya gangara teku ya yi shekara biyu ko uku, sannan ya komo kogin da ya fito domin ya yi ƙwai ya mutu. Miliyoyinsu ne ke dawowa kusan lokaci guda, kuma galibi zuwan ya fi ƙarfi a makon farko na Yuli. A 2022 an ƙiyasta kifi kusan miliyan 79 ne suka dawo, aka kama kimanin miliyan 60, adadin da ba a taɓa gani ba.

Ma'aikatar kula da kifi da namun daji ta jihar ce ke ba da izinin su. Ma'aikatanta na zama a kan hasumiyoyi a bakin koguna suna ƙirga kifin da ya wuce, kuma sai an tabbata isasshe ya haura domin hayayyafa ake buɗe ruwa, sau da yawa na 'yan sa'o'i kawai. Ta rediyo ake sanarwa. Ke nan abin da mutum zai ci a shekara yana iya rataya a kan kwana goma ko makamancin haka.

Ruwan kansa ba shi da zurfi, ga laka, ga tsibiran rairayi da ke sauya wuri. Tsakanin cikar teku da janyewarta akan samu bambancin mita 6 ko fiye a bakin wasu kogunan. Wurin da jirgi ya wuce da safe yana iya zama busasshiyar ƙasa da rana. Kifin kuma na son bin gefe, inda ruwa bai kai ƙugu ba.

Wannan ne ya sa sababbin jiragen ke da shimfiɗaɗɗen gindi, kuma da yawansu sun rabu da farfela. A maimakonta ana sa wani famfo mai ƙarfi da ke zuƙo ruwa ta ƙarƙashin jirgi ya feso shi ta baya. Babu abin da ke leƙowa ƙasa balle ya daki rairayi ko ya naɗe raga. Wasu jiragen na ɗauke da inji biyu da ƙarfinsu ya haura na doki 1,000, a jikin da tsawonsa bai wuce na babbar motar safa ba. Da alminiyom ake ƙera mafi yawansu yanzu, saboda rashin nauyi da kuma sauƙin walda idan an yi karo.

Faɗin jiragen farko bai kai mita 4 ba. Na yanzu wasu sun kai mita 5, ko sun ɗara, wato rabin tsawonsu. An ɗaga ɗakin matuƙi sama domin a samu fili a ƙasa, an kuma zurfafa rumbunan kifi, har wasu na ɗaukar tan 10. Irin haka ta faru da wasu jiragen salmon na Alaska masu kewaye kifi da babbar koma, waɗanda aka iyakance su a ƙafa 58: su ma faɗi suka yi ta ƙarawa.

Raga da gangar naɗe ta

Ragar da ake amfani da ita doguwa ce, tana tsayawa a ruwa kamar labule. Igiyar sama na ɗauke da 'yan ƙwallaye marasa nauyi da ke sa ta yawo, ta ƙasa kuwa an cusa mata dalma. Kifi na sa kai cikin idon ragar sai zaren ya maƙale masa a bayan kunne. Mai lasisi ɗaya an yarda masa da mita 274. Tun 2004 aka amince masu lasisi biyu su haɗu a jirgi ɗaya su jefa mita 366, kuma irin wannan jirgi sai an rubuta masa harafin D a jiki.

A tsakiyar filin aiki akwai wata babbar ganga ta ƙarfe da ke juyawa da ƙarfin matsin mai daga inji. A kanta ake naɗe ragar. Idan ana jawowa, ragar na bi ta kan wani abin gungurawa a bayan jirgi, ma'aikata biyu ko uku na tsaye a tsakani suna ɓalle kifi ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin har yau babu injin da ya iya shi. Da hannu ake yi, cikin sanyi, wani lokaci kwana da yini ba runtsawa, kuma yatsu da wuyan hannu ne ke fara gajiya.

A wasu jiragen ta gaba ake jawo ragar, a wasu kuma an ɗaga ɗakin matuƙi yadda za ta iya bi ta ƙarƙashinsa, a jawo ta gaba ko ta baya gwargwadon iska da igiyar ruwa.

Sauran kayan aikin sun haɗa da na'urar auna zurfi, da rediyon magana, da GPS. Ta ƙarshen tana da muhimmanci na musamman, domin kowane ɗaya daga cikin yankunan su guda biyar, wato Naknek-Kvichak, da Egegik, da Ugashik, da Nushagak, da Togiak, yana da iyaka a kan ruwa. Kifi daga teku yake shigowa, don haka wanda ragarsa ta fi kusa da iyakar shi ke fara tara. A iyakar arewa ta Egegik jirage kan yi ta gogayya da bangazar juna, wanda kuma ragarsa ta tsallaka ya gamu da tara. A nan ne manyan injuna ke biyan kuɗinsu.

Sanyi ya zama kuɗi

A da, ƙirga kifi kawai ake yi. Akan jibge shi a busasshen rumbu, na ƙasa ya lotse, tunda gwangwani za a saka shi. A 1988 farashi ya haura dala 2 a kan laba ɗaya, wadda ba ta cika rabin kilo ba. Amma da salmon na kiwo daga Norway da Chile ya cika kasuwannin duniya, sabo kuma babu tabo, sai farashin ya faɗi ƙasa da rabin dala a 2001. Alaska ta haramta irin wannan kiwo a ruwanta tun 1990, saboda haka hanyar da ta rage wa masuntanta ita ce su gyara ingancin abin da suke kamawa.

Daga nan ne injin sanyaya ruwan teku ya shiga jiragen. Ana cika rumbu da ruwa, injin ya sauke sanyinsa zuwa dab da daskarewa, kifin ya yi ta yawo a ciki ba tare da wani ya danne wani ba. Ana yanke masa kunne domin jini ya tsiyaye, ana shimfiɗa tabarmar roba domin kada ya bugu da ƙarfe idan ya faɗo daga raga. A cikin rumbun akwai manyan jakunkuna, waɗanda jirgin kamfani ke ɗagawa da ƙugiya ya auna. Kamfanoni na ƙara kuɗi a kan kowane ɗaya daga cikin matakan nan, wasu ma sun daina sayen kifin da ba a sanyaya ba. A 2008 kifin da ake sanyayawa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, bayan shekara goma ya haura kashi 80 cikin 100.

Matsalar ita ce wuri. Injin sanyi, da famfunansa, da bututunsa, da ruwan da ke cinye wani ɓangare na nauyin da jirgi zai ɗauka, duk a cikin ƙafa 32 ɗin nan za su shiga, tare da tankin mai da gadajen kwana da murhu. Tsofaffin jirage da dama ba za su ɗauka ba, sai dai su dogara da ƙanƙara. Wanda kuma kwaɗayi ya sa ya jibge kifi a saman jirgi bayan rumbu ya cika, yana wasa da ransa ne, domin jirgi mai nauyi a sama ba ya jure igiyar ruwa.

Jayayyar inci

Da yake kowane taƙi na da daraja, maƙera sun riƙa manna abubuwa a wajen tsawon da doka ta sani. Dokar ta yi rangwame ga wasu kaya, kamar abin gungura igiyar anga a gaba, da kwandon tare kifin da ya suɓuce a baya, da garkuwar famfon tuƙi. Sannu a hankali waɗannan suka yi ta girma, har wasu suka zama ƙarin jikin jirgi a fakaice. A farkon 2023 jami'an tsaron namun daji na jihar suka aike wa masu lasisi wasiƙa cewa za su fara aunawa, suka tunatar da cewa abin gungura igiyar anga bai kamata ya wuce inci 8 ba. Masu jirage da dama suka garzaya wajen masu walda ana yanke-yanke kafin lokacin su.

An sha kai buƙatar soke dokar gaban hukumar da ke tsara dokokin su ta jihar, ciki har da zamanta na 2009, ana yin watsi da ita. Masu son a soke na cewa jirgi mai tsawo ya fi aminci, ba ya shan mai sosai, yana da wurin sanyaya kifi, kuma za a iya wani aikin da shi bayan Yuli. Masu adawa, akasarinsu mazauna yankin, na cewa soke ta zai karya darajar jiragen da ake da su, ya kuma buɗe ƙofa ga masu kuɗi daga waje.

Tsoron nasu na da tushe. Tun dokar 1973 aka ƙayyade yawan lasisi, na jefa raga daga jirgi kusan 1,860 ne, kuma ana sayar da su kamar kadara. Kason da ke hannun mutanen yankin, waɗanda da yawansu 'yan ƙabilun asali ne irin su Yup'ik, ya ragu ƙwarai tun daga lokacin, kuma jiragensu ne suka fi tsufa da ƙarancin ƙarfi. Sai dai abin lura shi ne, dokar ƙafa 32 ba ta hana wannan ba. Gasar da ta toshe ta fuskar tsawo ta ɓulla ta fuskar inji da faɗi, har sabon jirgi na iya lashe dala miliyan ɗaya, ban da kuɗin lasisi.

Mai irin wannan jirgi bashi ne a kansa, kuma sai an gama kamu yake sanin farashi. A 2022 kamfanoni sun biya dala 1 da santi 15 a kan laba. A watan Yulin 2023 suka sanar da santi 50, lamarin da ya sa masunta suka jera jiragensu a bakin kogin Naknek domin nuna rashin amincewa. Makonni kaɗan bayan haka aka jawo jiragen kan tudu a garuruwan Naknek da Dillingham, kamar yadda ake yi duk shekara, aka tsiyaye musu ruwa saboda ƙanƙarar hunturu, aka ɗora su a kan katakai, inda suke zama kusan wata goma kafin kifi ya dawo.